Ranar da Sajo Ya Kira Sunan Ɗansa

Ni dai ban taɓa ganin mai zargi irin Bappa Sajo na Durun ba, Allah Ya jiƙansa. Ƙanin mahaifina ne, na san shi ciki da bai. Tun shekarar da masu sikeli suka cuce shi a awon gyaɗa a Gwarzo, duk wanda ya ce masa kasuwanci, sata yake ji.

Lurwanu ne ɗansa na fari. Mu kuwa asalinmu Fulani ne, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. "Yaron nan" kawai Bappa ke cewa, shi ma yana kau da kai.

Yaron nan ya gama jami'a, ya kawo hotonsa da doguwar riga, ya kama aiki a Kano lokacin dalar gyaɗa tana tsaye. Ana nan sai ga shi ya dawo. Wai digiri na biyu zai nema, a karatun kasuwanci, kuma sai dagaci ya sa hannu cewa ɗan garin ne kafin wata ya ƙare, in ba haka ba gurbin ya wuce shi.

Bappa ya ja ni gefe. "Hajaratu, wanda ya sauke Alƙur'ani yana komawa babbaƙu? Faɗuwa ya yi, yake ɓoyewa. Rigar hoton ma aro ce."

Na ce, "Haba Bappa, ka tambaye shi mana!"

Ya harare ni kamar na zage shi.

Maimakon tambaya, sai ya lallaɓa wajen dagaci ya ce a dakata. Ya tura Datti direban lori ya shinshino masa a Kano. Datti ya dawo ya ce yaron yana aikinsa lafiya. Bappa ya ce an toshe wa Datti baki da goro. Wallahi ranar raina ya ɓaci.

Kullum Lurwanu ya je, dagaci sai ya ce gobe. Da goben ta ƙi zuwa, Lurwanu ya ɗaure kayansa, na raka shi tashar Gwarzo. Ya sa ƙafa zai hau mota ke nan muka ji murya a bayanmu.

"Lurwanu!"

Bappa ne a kan jaki, gumi sharkaf. Lurwanu ya daskare, sannan ya durƙusa, idonsa ya kawo ruwa.

"Tsakaninka da Allah, faɗuwa ka yi?"

"A'a Baba. Na ci."

Bappa ya daɗe yana kallonsa, kallon da bai taɓa yi masa ba. Ya juya jaki. Kafin la'asar dagaci ya sa hannu, aka kuwa ɗauki Lurwanu a jami'ar.

Ranar sadakar ukun Bappa na tuna wa Lurwanu da wannan, ina dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce, "Yaya Hajaratu, duk rayuwata sau ɗaya na ji sunana a bakinsa. Shi ma don ya ji ko ƙarya nake yi."