Ina da Mutum a Ciki

Orval Tibbs bai taɓa zama a aji ko ɗaya na Jami'ar Bascom ba, ni ma haka. Mun gama sakandare ranar Juma'a, Litinin muna kamfanin yankan katako, shi a kan inji, ni a wajen lodi, kuma a can muka tsufa. Amma in ka ji Orval yana cewa "mun ci" ko "alƙalin wasa ya cuce mu", sai ka rantse da gumin ubansa aka gina makarantar. Shekara talatin da huɗu muna zama kafaɗa da kafaɗa a filin wasa duk Asabar daga Satumba zuwa Nuwamba, layi na arba'in da ɗaya, inda rana ke dukan mutum a fuska, muna kallon 'ya'yan mutane da hulunan kwano suna ture juna a ƙwallon Amurka. A nan Mississippi ba a tambayar mutum ko yana son ƙwallo. Ana tambayarsa inda yake zama ne.

Inji ya cinye masa yatsu biyu a hannun hagu. Matarsa Earline ta rasu shekara guda bayan an rufe kamfanin. Daga nan Orval ya rage da abu biyu a duniya, 'yarsa Marla da shirin Skeeter Odom.

Shirin Skeeter na rediyo ne, ƙarfe biyu zuwa shida na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Mutane su bugo waya su yi ta surutu a kan ƙwallo, shi kuma yana zuga su yana tsokanarsu. Orval yakan riƙe waya minti arba'in yana jiran layi don ya samu minti biyu. "Orval na Bakin Gada" suke ce masa. Mutumin da a coci ko gaisuwa sai an ja bakinsa, da an sa shi a iska sai harshe ya buɗe. Ni abin haushi yake ba ni, na kuma sha gaya masa. Amma a gaskiya nan ne kaɗai wurin da ake kiran sunansa mutum dubu su ji.

Marla kuwa tana aiki a ƙaramin filin jirgin sama na gunduma, shekara goma sha ɗaya a kan tebur ɗaya. Ita ke sanin jirgin wa zai sauka, wa ke ciki, motar wa za ta zo ɗauka. Masu kuɗin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallon jami'ar duk ta nan suke bi, don haka dokar aikin guda ce, ka ga komai ka kama bakinka. Duk Lahadi bayan coci takan kawo wa uban soyayyen tarwaɗa da burodin masara, ta share masa gida, ta zauna ta sha surutunsa. A gabana ta taɓa ce masa:

"Baba, ka faɗi abin da ka ga dama a rediyonka, ba ruwana. Amma kada ka kusanci aikina. Ranar da ka sa ni a bakinka ka rasa ni, ba kuma da wasa nake ba."

"To, Uwar masu gida," in ji shi, yana dariya. "Ke da ko launin jirgi ba kya gaya wa ubanki."

Shekarar da abin ya faru, Koci Lyle Haskew ya ci mana wasa goma, abin da ba mu gani ba tun muna da gashi a ka. Sai ga labari ƙungiyar ƙwararru ta Houston tana neman koci. Shi ke nan gari ya ɗauka. Ku da ba ku zauna da mu ba, ba za ku gane irin wannan ciwon ba. Kocin jami'a namu ne, muna haɗuwa da shi a kanti, mun san motarsa. Ranar da manya suka yafito shi, sai mu ji kamar an ce mana ƙauyawa a gaban jama'a. Kowa ya zama ɗan leƙen asiri. Mai aski ya ce koci ya daina yawan hira. Matan coci suka ce Misis Haskew ta yi wata biyu ba ta zo sujada ba, ai ka ga ta fara raba jiki da gari. Wani ya ce ya ga motar dillalin gidaje a layinsu. Koci da kansa ya fito ya ce babu inda za shi, aka ce ai haka suke cewa dukkansu.

Sai maganar jirgi. Kowane jirgi yana da lamba a jelarsa, kuma in ka san lambar za ka iya bin sawunsa a intanet. Mu nan in ana rade-radin koci, har tsofaffin mata sun iya wannan. Orval bai yarda da intanet ba, ya fi yarda da idonsa. Yakan ajiye akori-kurarsa a bayan shingen filin jirgi tun bakwai na safe, da madubin hangen nesa na farautar barewa da kofi a gora. Talata uku a jere ya ga wani farin jirgi ya tashi, kuma duk ukun ya ga Koci Haskew yana hawa. Ya ce mini akwai wata mata da ɗankwali a kai da ke shiga kafin shi, amma bai kula ta ba. Me zai yi da mace, shi da ya zo ganin koci? Yaran intanet suka ce a Houston jirgin yake sauka.

Ranar Laraba ya samu layi. Ina zaune a kicin ɗina na ji shi yana zayyano ranaku da lambar jela. Skeeter ya bar shi ya gama, sannan ya soka masa tsinke.

"Haba dattijo, wannan ai jikata 'yar shekara tara ta gani a wayarta. Na ɗauka Orval na Bakin Gada zai zo mana da abin da ba mu sani ba. Ko dai tsufa ya kama ka ne?"

Na san Orval, na san ba ya haɗiye tsokana, har na ajiye cokali.

"Skeeter," ya ce, "ni ba a waya nake gani ba. Ina da mutum a ciki. Magana ta ƙare, an riga an sa hannu."

Ƙarya ce tsagwaronta. Babu wanda ya gaya masa komai. Amma garin nan mutum dubu goma sha biyu ne, kuma babu wanda bai san 'yar wa ke zaune a teburin filin jirgi ba.

Muna da wata al'ada, kuma ba zan wanke kaina ba, don na taɓa yi sau ɗaya ina da ƙuruciya. In gari ya yi fushi da koci, sai a tsinto allunan dillalai masu rubutun "gidan sayarwa ne" a je a kafa masa a ciyawar ƙofar gida. Talatar da ta biyo baya, da rana tsaka, aka kafa wa Haskew sun fi arba'in. Wasu har da rubuta maci amana da jan fenti. Da la'asar motarsu ta dawo daga filin jirgi. Maƙwabciyarsu ta ce Misis Haskew ta fito ta tsaya tana karanta allunan ɗaya bayan ɗaya, ta dafa mota, sai ta durƙusa ta yi amai a wurin.

Ranar Juma'a koci ya tara 'yan jarida. Bai ɗaga murya ba. Ya ce matarsa tana fama da cutar daji tun watan Agusta, kuma duk Talata asibiti yake kai ta a Houston a yi mata ƙarin magani. Ita ta roƙa kada a faɗa, don ba ta son a riƙa kallonta da tausayi a kanti. Ya ce sau biyu mutanen Houston suna nemansa yana cewa a'a. Jiya da safe ya kira su ya ce ya amince.

A ranar aka dakatar da Marla. Shugaban filin, Mista Fulgham, ba mugu ba ne. Ya ce mata shi ya yarda da ita, amma masu jiragen sun ce ba za su ƙara sauka a inda ake kai sirrinsu rediyo ba. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. In uban ya koma shirin ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi, to zai samu abin da zai riƙe ya kare ta.

Ina gidan Orval ta zo. Ba ta zauna ba, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Ni nake riƙe hannun matar nan tana hawa matakala, Baba. Ni nake ajiye mata leda da ruwan sanyi. Wata uku ina zuwa gidan nan ina jin kana zaginsu, na haɗiye, ban ce maka uffan ba. Ka san ban ce ba."

"Na sani, Marla. Bakina ne ya kufce."

"To ya sake kufcewa. Ranar Laraba ka kira ka ce ba ka da kowa a ciki, ka ce ƙirƙira ka yi. Abin da nake roƙo ke nan, ban kuma taɓa roƙonka komai ba. Zan kunna rediyo, Mista Fulgham ma zai kunna."

Ya yi kuka bayan ta fita, kuka na gaske, har ya ba ni tausayi duk da ina jin kamar in shaƙe shi. Muka zauna muka rubuta abin da zai faɗa a bayan takardar kuɗin wuta, layi huɗu kacal. Ya karanta mini ya fi sau goma.

Abin da ban lissafa ba shi ne garin namu. Kunyar da aka ji ranar Juma'a ko kwana uku ba ta yi ba. Kafin Talata magana ta juya. Ai dama zai tafi. Ai ciwon matar hujja ce kawai ya samu. Ai ga shi can Houston ɗin da aka ce. Wanda ya kafa allo ba ya son ya kwana da sanin abin da ya yi wa mara lafiya, ya fi masa sauƙi a ce an yi gaskiya tun farko. To wa ya fara faɗar gaskiyar? A gidan mai wani ya biya wa Orval kofi. A kanti wani ya dafa kafaɗarsa ya ce masa gwani.

Laraba muka zauna cikin motarsa a ƙofar gida, don a nan wayarsa ta fi kamawa. Takardar tana kan cinyarsa, hannunsa mai yatsu uku yana danne da ita. Ran nan ko minti biyar bai jira ba, suna ganin lambarsa suka sa shi.

"Jama'a ku tashi tsaye," in ji Skeeter. "Ga mutumin da ya riga manyan jaridun ƙasar nan. Na yi masa dariya, yau ina neman gafara a gaban kowa. Orval na Bakin Gada, ranka ya daɗe, shekara ashirin ina wannan aiki ban ga kamarka ba."

"Na gode, Skeeter. Dama na kira ne in ce..."

"Kafin ka ce komai, duk jihar nan kai take saurare. Mutuminka na ciki me ya ce? Wa za a kawo mana?"

Na nuna masa takardar da yatsa. Ya dube ta. Na ga leɓensa yana motsi a kan layin farko ba sauti. Fuskarsa ta yi ja, idonsa ya kawo ruwa, kuma Allah ya sani na ɗauka zai faɗa. Sai ya gyara zama.

"To, ba zan kama suna ba," ya ce. "Amma an ce mini a sa ido a kan wani daga Carolina."

Na buɗe ƙofa na fita. Na taka har gida, mil biyu, da gwiwar nan tawa. Ina tafiya ina jin muryarsa tana fitowa daga gidajen mutane da motocin da ke wucewa, yana bayani a kan irin kocin da ya dace da mu. Ranar sun ba shi minti goma sha ɗaya.

Alhamis aka sallami Marla. Kafin Kirsimeti ta tattara kayanta ta bar gari. Wasu sun ce Memphis, wasu sun ce wajen ƙanwar uwarta a Arkansas. Ban tambaya ba, don na san ba za ta so a kai masa ba. Kocin da aka kawo daga baya ma ba daga Carolina yake ba, babu kuma wanda ya tuna.

Na yi wata uku ban yi masa magana ba. A watan Maris ya yanke jiki ya faɗi a wajen ajiye motoci na kanti, aka kai shi asibiti, wani ya kira ni. Na je. In ban je ba wa zai je? Na same shi kwance, gefen bakinsa ya karkace, wata nas tana cike takardar wanda za a nema in wani abu ya taso. Ta tambaye shi ko yana da 'ya'ya. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ta ce ya ba ta lamba, ya karanto mata a hankali, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ta buga a gabanmu, muka ji muryar kamfanin waya tana cewa wannan lamba ta daina aiki. Ta sake bugawa, ko ta yi kuskure.

Sai ta juyo ta tambaye ni yadda ake rubuta sunana.