Malam Wada da Tashar Kwanar Gawo

Malam Wada ya yi shekara goma sha tara yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a tashar Kwanar Gawo, wani ƙauye a gabashin Kano. Mahaifinsa na cikin leburorin da suka gina tashar a zamanin Turawa, lokacin da ake loda gyaɗa har tarago takwas a rana. Da gyaɗa ta ja baya, jirgi ya koma zuwa sau ɗaya a mako, daga baya sai ya ga dama. Wata Laraba aka aiko da takarda cewa an rufe tashar. Ko shekara ba a yi ba aka ɓalle kwanon rufin, aka tone ƙarafan dogo aka sayar.

Wada ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Ya samu ɗaki a unguwar Jarwal ta Makka, ba igama, wato takardar izinin zama, yana tura gajiyayyu a keke.

A Hajjin 2014, a Mina, wani alhaji ya ɗauke shi ya tura mahaifiyarsa, Hajiya Hure, zuwa wurin jifa. Wada ya gane shi tun daga murya. Sabo ne, wanda ya kawo motar da ta kwashe ƙarafan.

Jirgin ƙasan alhazai ya wuce ta saman gada. Sabo ya ɗaga kai ya ce, "Ka ga ƙasar da ta san abin da take yi. Mu kuwa ba mu da komai."

Wada ya tsayar da keken.

"Ba mu da komai? Muna da shi, Sabo! Ina ƙararrawar Kwanar Gawo? Ina kwanon da ubana ya buga da hannunsa? A kan idona ka ɗora su a sikeli!"

Sabo ya ƙura masa ido, sannan ya sunkuyar da kai. "Baba, yi haƙuri. Ba a jayayya a aikin Hajji."

"Kai ke aikin Hajji. Ni ƙwadago nake."

Hajiya Hure ta juyo ta dubi Sabo ta ce, "Ɗan nan, da gaske ne?" Sabo ya kau da kai.

Wada ya tura tsohuwar har wurin jifa, ya tsaya ta gama, ya mayar da ita tanti a hankali. Sabo ya biyo shi yana neman su gaisa. Wada bai juyo ba.