Mai Jan Gilashi a Alshajara

Na kawo man riɗin shagonmu gwaji a wani ɗakin bincike a unguwar Alshajara, sai ga wani dattijo shi kaɗai a ɗaki mai kujeru shida. Farar rigarsa ta yi masa yawa, tabaraunsa ɗaure da zare. A gefensa wata na'ura mai zafi tana jan gilashi, yana fitowa bututu siriri kamar tsinken tsintsiya, yana naɗewa zagaye-zagaye. Ta cikin irin wannan bututun tururin mai zai bi, a gane ko an yi masa gauraye.

Dattijon yana ɗura wani ruwa cikin bututun da ya huce, har numfashi yake riƙewa, don idan ya karye aikin kwana uku ya tafi.

"Sannu da aiki, Baba," na ce.

Ya ɗago a hankali. "Hausa? Daga ina, 'yata?"

"Unguwar Dar Salam."

"Ya salam! Tun rasuwar matata ba wanda ya gaishe ni da Hausa."

Ina jin 'ya'yansa sun yi nisa, ko kuwa Larabci kawai suke yi masa. Ya ajiye bututun, ya share kujera ɗaya da hannun riga.

"Zauna," ya ce. "Sake gaishe ni."