Randar Goggo Da Na Shafa Wa Fenti

A shekarar da abin nan ya faru ina sakatariya a wani biro, wato ofis, a nan Tawa, aurena bai cika shekara biyu ba, kuma ba ni da aikin da ya wuce latsa wayar portabul ina kallon ɗakunan mutane. Hotunan salon, wato falo, na ƙasashen da ban taɓa zuwa ba nake bi ɗaya bayan ɗaya, farin bango, fararen tukwane da busasshiyar ciyawa a ciki. In na ɗaga kai na dubi nawa ɗakin sai raina ya ɓaci, komai ya zame mini ƙauyanci. Maigidana har tsokanata yake yi, wai wata rana shi ma zan shafa masa farin fenti in jingine shi a kusurwa.

Cikin kayan aurena akwai wata randa da yayar mahaifina ta gina mini. Goggo maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Bambeye, tun tana budurwa take haƙo yumɓu, ta gina, ta goge da dutse, ta ƙona da kara da kashin shanu. Lokacin bikina idanunta sun riga sun fara hazo, da lalube ta gama randar, kuma kowa a dangi ya san ita ce ta ƙarshe da za ta fito daga hannunta. Da kanta ta zuba yashi a kusurwar rumfa ta ɗora ta, ta turara cikinta, ta ce in riƙa wanke ta duk bayan kwana biyu, kada in bar wani abu mai maiƙo ya taɓa bayanta, domin ta nan take zufa, zufar ce ke sanyaya ruwa. Na amsa da to, alhali hankalina yana kan firigon da aka saya mini.

Wata Asabar na ga hoton wata tukunya fara fat a gefen kujera, siffarta kamar ta randata. Ban yi shawara da kowa ba. Na sayo fentin mai, irin na ƙofa, na shafe jan jikinta da zanen yatsun Goggo har sau biyu, na bi da man ƙyalli. Na sa aka shigo da ita salon, da na ga iska daga taga na iya sa labule ya ture ta, sai na zuba ruwa har rabi don ta yi nauyi, na rufe da faifai na ɗora furen roba a kai. Na ɗauki hoto na watsa. Ƙawayena na wurin aiki suka yi ta yabo, wata har tana tambayar ko daga waje aka kawo mini, ni kuwa ban ce mata a'a ba. Ruwan nan na manta da shi sarai, wata uku ban ɗaga faifan ba.

Tsakiyar bazara aka kawo Goggo Tawa ganin likitan ido, ta sauka wurina. Ranar tun safe aka ɗauke wutar kuran, ruwan firigo ya koma kamar na wanka. Ta zauna a salon tana fifita da gefen zane, ta tambayi inda randarta take, na ce tana nan lafiya, na yi wuf na fita wai in nemo ƙanƙara a maƙwabta. Kafin in dawo ta riga ta lalubo ta. Idonta ba ya gani sosai, amma hannunta ya gane wuyan abin da ya gina. Ta sauke furen, ta ɗauki kofin da ke kan tebur ta ɗebo, ina shigowa tana kai shi baki.

Ta furzar da ruwan a kan kafet tana kaƙi, wari ya cika ɗakin, warin ruɓa haɗe da na kalanzir. Na leƙa ciki na ga ruwan ya yi kore yana yauƙi, tsutsotsi na motsi, kyankyasai sun mutu sun kumbura, ga wata tsaka ta narke rabi tana yawo a sama. Wannan ne abin da tsohuwar da ta goya ubana ta kurɓa a gidana. Na fita da gudu na yi amai a bakin rariya, kuma ban san wanne ya fi ba ni ƙyama ba, ruwan ko ni kaina.

Da na dawo na tarar ta kurkure baki, tana shafa jikin randar da tafin hannu, tana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa tana saurare. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ɗiyata, kin toshe mata hanci. Wagga ta mutu." Washegari bayan ganin likita ta ce a mai da ita gida, duk da an shirya za ta yi mako.

Na kwana uku ina kankare fentin da wuƙa da yashi, har da kalanzir na zuba, wanda ya ƙara shiga cikin yumɓun. A rana ta huɗu ta tsage tun daga wuya har gindi. Abin haushi, a makon nan na ci karo da hotunan jajayen tukwane marasa fenti, sak irin na Goggo, mutanen da nake kwaikwayo suna ta yabon su wai su ne ake yayi.

Bayan salla na je ƙauyen da niyyar neman gafara, na ɗauka labari ya gama dangi. Sai matan gidan suka yi ta yi mini jaje. Ashe Goggo ta gaya musu randar ta suɓuce mini ne wajen wankewa ta fashe, kuma ta ce kada wanda ya dame ni da maganar, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tsohuwar da ba a taɓa jin ƙarya a bakinta ba, ta yi ta don ta rufa mini asiri.

Abin da na koya shi ne, hoto ba ya gaya maka amfanin abu, kyansa kawai yake nuna maka, kuma mai kwaikwayo ba ya tambaya. 'Yan'uwana mata, ku yi wa ɗakunanku kwalliya yadda kuke so, ban hana ba. Amma kafin ku taɓa abin da wani tsoho ya ba ku, ku tambaye shi dalilin da ya sa ya yi shi haka, tun yana nan da bakin amsawa. Ni ban tambaya ba, ga shi Goggo ta daina gini, kuma ba wadda ta gaje ta a gidan.