Ranar da Na Ɗinka wa Littattafai Sababbin Riguna

Ni dai tun ina yaro rawar kai ce cutata, kuma tsufa bai warkar da ita ba. Ranar da har gobe ba ta fita raina a aiki ita ce ranar da na yi wa littattafai kwalliya ba wanda ya aike ni.

Lokacin ina masinja a ɗakin karatu na garinmu, nan gefen Roni. Masinja, ga wanda bai sani ba, shi ne mai shara, mai kai takarda, mai korar akuya. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ma rabinsa ta taga na yi. Shugabana Malam Sabi'u ne, jami'in ɗakin, mutum mai sanyin hali.

A shekarar aka ƙudura za a kwashe littattafan, a mayar da ɗakin wurin ajiyar takin zamani. Malam Sabi'u ya yi ta roƙo, har aka yarda wani Dakta ya zo daga jami'a ya duba 'yan littattafan yaƙi da jahilci da wani tsohon kamfanin ɗab'i ya buga tun zamanin Turawa. In akwai bugun farko a ciki, wato wanda ya fara fitowa kafin a maimaita, ɗaki ya tsira. In babu, taki ya shigo, mu mu fita.

Ana gobe zai zo na buɗe kabad, kunya ta kama ni. Bango duk ya yage, gara ta yi masa zane. A gidanmu ko tabarma ba a shimfiɗa wa baƙo yagaggiya. Na samo takardar buhun siminti, na dama sitaci, na ɓalle tsofaffin bangwayen har da shafin farko da ya fi dauɗa, na manna sababbi tsaf. Tarkacen na miƙa wa Falmata mai ƙosai a bakin ƙofa, don ni ba na son ɓarna.

Da safe Dakta ya iso. Na sayo masa ƙosai da koko, ya ci ya yi santi. Ya wanke hannu, ya ɗaga littafi ɗaya, ya juya, ya ajiye.

"Malam Sabi'u, ina bangon?"

Na yi wuf: "Ranka ya daɗe, ga shi nan sabo fil. Aikina ne."

Malam Sabi'u ya zauna a ƙasa, ga kujera a bayansa.

Dakta ya yi mini bayani a hankali, kamar mai lallashin majinyaci. Cikin littafin duk iri ɗaya ne, bango ke faɗin gaskiya: tsohon tambarin kamfani, da farashi da kuɗin da, sisi ko taro. A bayan shafin farko kuma, in ba a rubuta an sake bugawa ba, to na farko ne. Wato daidai abin da na kyautar.

Na zura da gudu wurin Falmata. Ita Babarbariya ce, ni Bafulatani, ba ta raga mini.

"Bawana, takardun jiya? Wasu sun tafi tasha da 'yan acaɓa, wasu na hura wuta. Da ma ku me kuka san darajarsa in ba nono ba?"

Na dawo, na tarar da Dakta durƙushe a gaban kwandon shara, riƙe da takardar da na kawo masa ƙosai a ciki. Bango ne haɗe da shafinsa, ya sha mai har haske na ratsa shi. Ya ɗaga saitin taga: tambari na nan, taro na nan, ba maganar sake bugawa. Ya bi littattafan yana ɗora shi a kai, har ya zo kan wanda ramukan gara suka dace da nasa, rami kan rami.

Wannan ɗayan ya isa, taki ya nemi wani masauki. Ni kuwa na sha kweri, wato takardar tuhuma, makullin kabad ya koma aljihun Malam Sabi'u har na yi ritaya. Ku masu tasowa, a wannan aiki tsufan abu shi ne shaidarsa. Ku tambaya kafin ku gyara.

Da na raka Dakta mota ɗauke da jakarsa, ya dafa kafaɗata.

"Baba Ilu, tun kafin a haife ni gara ke cin littattafan nan, ba ta kai inda ka kai da yamma ɗaya ba. Kuma ita ce ta ba da shaidar da ta cece ka. Ka yi mata godiya kuwa?"

Na rufe masa ƙofar mota.