Gwaggo Kande da Cocin Ƙasa

Duk wanda ya taɓa yin sujada a 'yar majami'armu ta bayan Dudunni ya san "amin" ɗin Gwaggo Kande. Idan mai addu'a ya ja ta da tsawo, ya kama yawo daga Kusada har Urushalima, sai ka ji murya daga layin mata kamar an fasa tulu: "Amin." Shi ke nan addu'a ta ƙare. Wani sabon fasto ya taɓa ce mata, "Mama, ai ban gama ba." Ta ce, "Allah ya ji tun ɗazu, ɗana. Awakina ne ba su sha ruwa ba."

Ƙanwar babana ce. Yau raina a ɓace nake tuna ta, kuma zan gaya muku dalili.

Ubansu, Kaka Nomau, shi ya fara kawo addinin nan unguwarmu. Ya tafi neman maganin ido, ya dawo da ido ɗaya da sabuwar bangaskiya. A gindin ɗorawar gonarsa aka fara taruwa, shi da matarsa da 'ya'yansa. Da damina ta dame su, ya yanki gefen gonar ya ce a yi ɗaki. Babana ya kwaɓa ƙasa ya yi tubali. Gwaggo Kande kuwa, tana 'yar budurwa, ita ta ɗebo ruwan ginin nan kaf a ka, daga rafi. Har ta tsufa takan zame ɗankwali ta nuna tsakiyar kanta, inda gashi bai sake fitowa ba, ta ce, "Ga takardar cocin nan. Mai son karantawa ya matso."

Shekarar da dattawa suka sayo kujerun roba, ta ƙi zama a kai. Kowace Lahadi tana tafe da 'yar kujerar tsugunno ta uwarta a hammata. Dattijo Yohanna ya ce, "Gwaggo, ci gaba ne fa." Ta ce, "Ci gaban da rana ke narkarwa?" Ba a daɗe ba, ana tsakiyar waƙa, ƙafar kujerar Yohanna ta baje, ya tafi ƙasa da babbar riga da Littafi. Kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta tura masa tata da ƙafa, ta ce, "Zauna nan. Wagga ta ɗauki ubanka, kuma ya fi ka ciki."

Akwai wani mai wa'azi da ya zo mana daga birni, da takalmi mai sheƙi. Ya hau bagadi ya kama zagin maƙwabtanmu Musulmi, wai suna cikin duhu. Gwaggo ta miƙe tsaye, ta ce, "Baƙo, ɗaga kanka. Ka ga azarar da ke bisanka? Malam Sule, ɗan ƙanen ubana, limamin ƙetaren rafi, shi ya sare giginyarsa ya ba mu. Shi ke cin tuwon Kirsimetinmu, mu ci naman Sallarsa. In duhun nashi ya dame ka, fita daga inuwarsa ka yi wa'azinka a rana." Mutumin bai tsaya cin abinci ba.

Sai aka zo da maganar sabon gini. Wani ɗan ikilisiya da ya yi arziki a Abuja ya ce zai yi mana na bulo, amma sai an rushe na ƙasa. Gwaggo ta ce a gina a gefe, fili ai ga shi nan. Dattawa suka ce ba zai yi kyau a hoto ba. Washegari ta sa aka gangaro mata da turminta ƙofar cocin, can ta koma yin surfe kullum. Da suka zo da magina ta ce, "Mai rushewa ya fara da ni. Ni ma ƙasa ce." Suka juya. Sai suka zauna jiran ta mutu, ni na ji wani da kunnena yana cewa tsohuwar ai ba za ta kai baɗi ba.

Ba ta kai ba. Bayan an yanke gero ta kwanta, ta tafi. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba suka sa wa cocin diga.

Lahadin da ta wuce aka buɗe sabon ginin. Aka tashi ba da tarihi, aka ce wai "wasu bayin Allah" ne suka fara taruwa a nan. Wasu. Aka kira sunan wanda ya sayi fanka, aka tafa. Aka kira na wanda ya kawo lasifika daga Kankia, aka tafa. Na miƙe, fasto ya ce, "Bitrus, don Allah ba yau ba." Na ce yau ɗin. Na kira Nomau, na kira matarsa Ladi, na kira babana Tanko, na kira Kande. Tsofaffin mata suka fara share hawaye, masu manyan riguna suka kama duba wayoyinsu.

Na fita na zagaya baya, sai na tarar an jibge ragowar bulo da buhunan siminti a kan kaburburan su Kaka Nomau. Ina cikin kwashewa sai ga Haruna, ɗan marigayi Malam Sule, zai wuce gona. Bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye fartanya, ya naɗe hannun riga, muka kwashe tare. Da muka gama ya tsaya kan na Gwaggo ya ce, "Da tana nan, da duk mun sha zagi, har da mu masu kwashewar."

Ya Ubangiji, ka san wuyan da ya ɗauko ruwan nan, ko da mutane sun manta. Ka ba ta hutu kusa da ubanta, a inuwa mai sanyi. Ni kuma ka sanyaya mini zuciya, don har yanzu ban iya gafarta musu ba.