Ranar da Baba ya ƙwace mota a bakin teku

Shekarun baya can, lokacin ina ji da sabon lasin tuƙi, ƙanwata da ke aure a birnin Akara ta haihu. Muka tashi daga Birnin Kudu ni da mahaifina muka tafi suna. Baba mutumin wani ƙauye ne a Gwaram, rayuwarsa duka ɗibar yashi ya yi a kogi da amalanken shanu, kuma bai taɓa wuce Kano ba sai wannan karon.

Bayan suna na rantse ba za mu koma ba sai Baba ya ga teku. Mijin ƙanwata ya karɓo mana motar haya a wurin wani maƙwabcinsa. Da zai ba ni makulli sai da ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, don Allah a kula. Mutumin nan fuskata ya duba ya bayar." Na ce haba, sai ka ce wani yaro!

Ranar farko muka hau duwatsun Aburi. Baba ya leƙa ta taga ya ce tsawo kam suna da shi, amma duk daji ya rufe su, namu na gida sun fi fitowa fili. Washegari muka shiga tsohon ginin Turawa na Cape Coast, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Da muka fito daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa Baba ya ce mu tsaya mu yi wa mutanen nan addu'a.

Daga nan muka gangara wani bakin teku. Ga yashi shimfiɗe, ruwa yana can nesa. To ku da kuka san wajenmu, idan kogi ya janye da rani ya tafi ke nan sai damina. A cikinsa ake shanya, a cikinsa motoci ke tsallakawa. Da wannan ilimin na kutsa da motar mutane har kusa da ruwa, wai kada Baba ya sha tafiya. Wani dattijo masunci ya taso yana ɗaga hannu, yana yare, yana nuna ruwan. Na ce masa, "Mun gode, ba ma sayen kifi!" Kun ji wauta.

Baba ya naɗe wando, ya ɗebi ruwan ya ɗanɗana. "Kai! Ashe gishirin ba ƙarya ba ne." Muka sha yawo, muka tayar da la'asar. Muna sallamewa na ji sanyi a gwiwata, ruwa ya jiƙa darduma. Baba ya dubi sama, babu ko ɗigon hadari, ya ce, "An yi ruwa ne a wani gari?" Ina waiwayawa na ga igiyar ruwa tana lasar tayoyin baya. Ashe shi teku kullum sai ya tafi ya dawo.

Na ruga na tayar da mota, na danna totur iya ƙarfina. Tayoyi suka haƙa rami, ta zauna daɓas. Innalillahi! Da wane ido zan kalli mijin ƙanwata, ita kuma da wane ido za ta zauna a unguwar nan da ɗanyen jego?

"Kashe ta!" in ji Baba. "Kai, na ce kashe ta. Yashi ba a yi masa gaggawa."

Ya tuɓe babbar riga ya jefa mini. Ya sa na rage iskar tayoyi, ya durƙusa yana yashe gabansu da hannu, yana yi musu gangara. Masunta suka taru. Baba yana ba su umarni da Hausa tsantsa, su kuma wallahi suna bi! Suka jajibo busassun ganyen kwakwa ya jera a ƙarƙashi, dattijon da na kora ya kawo igiyar da suke jan komar kifi aka ɗaura wa motar.

"Shiga. Giya ta biyu, a hankali, kamar kana taka ƙwai."

Ruwa ya daki ƙofa, na runtse ido. Sai na ji muryar Baba, irin tsawar da yake yi wa shanunsa a tsakiyar kogi: "Haa! Ja! Ja mana!" Mota ta yi nishi, ta girgiza, ta hau ganye, sai ga mu a kan tudu. Wurin ya kaure da ihu. Masuncin nan ya ɗaga hannun Baba sama, ni kuwa na kifa kai a sitiyari ina kuka ina dariya.

Mun wanke ta tas mun mayar, na kuma faɗa wa mijin ƙanwata gaskiya, ya yi dariya har da hawaye.

Abin da ke ba ni kunya har yau, na ɗauko tsohon nan ne a kan ni zan nuna masa duniya, ni mai boko, shi ɗan ƙauye. Tun ranar ban ƙara yi wa dattijo kallon wanda bai san komai ba, ko da ba na jin yarensa.

Baba yana nan da ransa. Duk sallah idan majalisa ta cika a ƙofar gida sai ya gyara zama ya ce, "Ni da teku mun taɓa kokawa. Ku tambayi wannan, wa ya yi kaye?"

Sai in cire hula in ce, "Baba ne."